Ranar da Inna Ta Ari Ciwona

Shekaranjiya da hantsi ina tsince shinkafa a faifai sai wayata ta yi ƙara. Yarinyar nan ce, ta farina, wadda ke aure a Tudun Wada. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta hau ba ni labari: wai cikin ya shiga wata takwas, wai ƙwannafi ya hana ta sakat, wai ɗan yana shurin ta a haƙarƙari. Haka gatsal da bakinta, ga kuma muryar mijinta ina jiyowa a gefe yana cewa a gaishe ni. Na rasa inda zan sa fuskata, alhali ni kaɗai ce a tsakar gidan sai kaji. Da na tambaye ta yaushe za a kawo ta goyon ciki, sai ta ce ai ba za ta zo ba, can take zuwa awo, can aka san ta, in ta haihu lafiya ta zo wanka in hali ya yi. Na ajiye wayar a kan shinkafar, na daɗe ina kallon ta. Ba haushi na ji ba. Nawa ƙwannafin ne ya faɗo mini a rai, da Inna, da irin doguwar hanyar da magana ɗaya ta bi kafin ta fita daga bakina ta yi aiki, alhali muna kwana gida ɗaya.

Mu a lokacinmu ciki ba abin faɗa ba ne, balle na fari. Kowa na ganin sa, yana gaba kina biye, amma ba mai ambaton sa sai tsofaffi. In ya kai wata bakwai sai dangin miji su rako ki gidan iyayenki da ƙullin kayanki, can za ki haihu, can za ki yi wanka. Haka aka kawo ni daga Tiga, inda maigidana ke kamun kifi, zuwa ƙauyenmu da ke gaba da Yako, ana tsakiyar kaka, an fara cirar gyaɗa. Gidanmu a wancan zamanin ba ya shiru. Tun da sassafe za ki ji guga yana dukan bakin rijiya, sai tarin Baba daga zaure, sai taɓaren maƙwabta suna amsa wa juna ta kan katanga, wannan ta buga waccan ta karɓe, har ki iya gane wadda ta tashi da fushi daga jin saukar taɓaryarta. Can rana ta ɗaga sai matan ruga su shigo da ƙoren nono, su sauke a gindin ɗorawar ƙofar gida suna hira da Fillanci. Yanzu injin niƙa ya haɗiye duk wannan. Turmin Inna yana nan har yau, amma kife shi muka yi a bayan ɗaki, a kansa nake zama in yi alwala.

Matsalata ɗaya ce a gidan nan: ni ce 'yar fari. 'Yan yanzu ba za su gane nauyin wannan ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye in da mutum a kusa, kuma gidanmu ko yaushe da mutum a kusa. In tuwo ya nuna sai ta fuskanci bangon madafa ta ce, "Wasu su zo su ɗauki nasu kafin ƙuda su riga su." Wasun nan ni ce. In na yi laifi, wasu ne ba sa ji. In na faɗi na kurje gwiwa, sai ta ajiye man shanu a bakin ƙofa ta wuce kamar mantuwa ta yi. Baba kuwa ya fi ta, in na biyo ta zaure sai ya duƙufa a kan rediyonsa yana murɗawa kamar ya ɓata. Wadda ke da ikon magana a kaina ita ce Iya, mahaifiyar Baba, don ita ta yaye ni, a ɗakinta na tashi. To amma ita Iya kakata ce, tsakaninmu wasa ne. Duk abin da na kai mata sai ta juya shi ya koma abin dariya. Raguwa take ce mini. In na ce kaina na ciwo ta ce ai dama ba komai a cikinsa, iska ce ke kaɗawa.

Ƙwannafin ya fara ne tun ina Tiga, amma a gida ya kama ni sosai. Wanda bai taɓa yi ba ba zai sani ba. Kamar a ɗebo garwashi a ludayi a zuba miki tsakiyar ƙirji, sannan wani ruwa mai tsami ya riƙa tasowa har maƙogwaro yana komawa. In na sunkuya shara ya taso, in na kwanta ya taso, in na ci ya taso, in na ƙi ci ya fi tasowa. Ga maigidana, Allah ya saka masa, duk wanda zai biyo hanyarmu sai ya ba shi soyayyen kifi a takarda, an barbaɗe shi da yaji ja wur, a kawo mini. Ni kuma a tunanina ƙin cin saƙon miji raini ne, sai in zauna in cinye ina hawaye.

Iya ta ce wannan ba ciwo ba ne, albishir ne. Gashin jaririn ne ke shafar ƙirjina ta ciki, kuma yadda nake ƙorafin nan, ba shakka mace zan haifa mai gashi har gadon baya. Duk matar da ta shigo gidan sai Iya ta sanar da ita, har aka fara gardamar dangin wa ta gado, don mu dai namu gashin ba ya wuce a kama shi da ƙyar. Wata gwaggona har ta yi alkawarin ita za ta yi wa jaririyar kitson fari. Maganin Iya kuwa kanwa ce. Ta jiƙa kanwa ungurnu a moɗa in sha da safe, ta ba ni guntu in riƙa tsotsa da rana. Da na ce bayana ma yana ciwo, sai ta kwance bakin zaninta ta ciro wasu ƙwayoyi da take saya wurin mai tallan magani ranar kasuwa, waɗanda take sha saboda gwiwarta. Ta ce ita da ta haura shekaru ma suna yi mata aiki, balle ni. Tun ban karya ba take ba ni in haɗiye, wai sun fi shiga jiki.

Daga nan sai amai ya shigo. Irin aman nan mai kakari, wanda sai kin ji kamar hanjinki zai biyo. A bayan rumbu nake yi, in ɗebo toka in rufe, don an koya mana mace ba ta barin ƙazantarta a fili. Wata safiya, kafin in zuba tokar, sai na ga wani ja-ja a ciki, siriri kamar zare. Na ce idona ne. Washegari zaren ya ƙaru. Ni kuma Allah ya yi ni da tsoro tun ina ƙarama, ko ƙadangare ya kalle ni da yawa sai in fara tunanin ko aiko shi aka yi. Nan take na tuna wata 'yar ƙanwar Baba da ta rasu da tsohon ciki muna yara, wadda har yau ban san me ya kashe ta ba, an dai ce kwana ne ya ƙare. Na yanke wa kaina cewa nawa ma ya ƙare, ni da abin da ke cikina. Na fara bin mutanen gida ina neman gafara. Na ce wa ƙanwata ta yafe mini, in ta Allah ta kasance ta ɗauki kwanukana na jere. Maimakon ta yi kuka sai ta tambaye ni har da masu murfin.

Da abin ya ishe ni, na ja Iya bayan rumbu na nuna mata. Ta zo tana dogara sandarta, ta tsuguna da ƙyar, ta ƙanƙance ido, ta sa tsinke tana tonawa kamar mai duban ƙasa. Ta ce goro ne. Na ce ban taɓa cin goro ba. Ta ce to manja ne. Na ce miyar kuka muka sha. Can sai fuskarta ta washe, ta tuna an yi zoɓo a gidan suna kwanakin baya. Na ce Iya, wannan zoɓon ai ko a tulu yake ya isa ya ƙare. Muna cikin haka wata kazar Inna ta kutso ta tsakanin ƙafafunmu ta hau tsattsage wurin, kafin mu kore ta ta watsa shaidar gaba ɗaya.

"Kin gani ko," in ji Iya, "da jini ne ai da ta tsaya ta yi miki jaje. Tashi, raguwa. Mu da muka haifi tara a bayan ɗaki ba mu mutu ba, sai ke da ko ɗaya ba ki sauke ba."

Ta ƙara mini ungurnu a ranar.

Saura Inna ke nan. Amma ta ina zan fara? Ni ma ban taɓa yi mata magana kai tsaye a kan jikina ba, balle a kan ciki. Da la'asar na same ta tana surfe, ƙannena na zaune suna ɓarar gyaɗa. Na zauna nesa kaɗan, na kalli turmin, na ce da shi, "Wasu dai jini suke gani a amansu." Taɓaryar ta tsaya a sama. Ba ta daɗe ba, kamar a ja numfashi ne, sannan ta sauka ta ci gaba. Can sai Inna ta ce da bangon madafa, wasu su tashi daga cikin rana. Shi ke nan. Na koma bayan rumbu na yi kuka mai isata, na ce ashe ko mutuwa zan yi sai an yi mini kunya.

Amma da gari ya waye na je wurin nan nawa, sai na tarar duk 'yan tulin tokar da na yi an buɗe su ɗaya bayan ɗaya, sannan an share wurin tas. Na san sawun tsintsiyar. Inna kaɗai ke shara tana barin zane kamar buɗaɗɗen mafici. Ba a jima ba na hango ta durƙushe a ƙofar ɗakin Iya, kanta a ƙasa, tana kewaye-kewaye: wai ta ji ana cewa yanzu asibitin cikin gari suna duba mata, wai matar wane ma an kai ta. Iya ba ta bari ta kai ƙarshe ba. Ta tambaye ta tun yaushe uwa ta fara sa baki a sha'anin 'yar fari, ko kunyar ce ta ƙare a gidan nan ba a sanar da ita ba. Ta ce a bar mata jikarta, ita ta san abin da ke damun ta, gashi ne. Inna ta ba da haƙuri ta tashi. Baba kuwa in Iya ta faɗi magana, ko alkali bai isa ya sa ya ƙetare ta ba.

Washegari Inna ta kwanta ciwo.

Matar da ban taɓa ganin bayanta a tabarma da rana ba, ko jego take sai an yi faɗa kafin ta ajiye tsintsiya, sai ga ta shimfiɗe a tsakar gida hantsi ya dubi ludayi, ba a hura wuta ba, tana nishi. Kuma Allah ya jiƙan Inna, ba ta iya ƙaryar ciwo ba. Sai ta dafe ciki ta yi nishi, can ta manta ta ɗaga kai ta tsawata wa akuya da ke shirin shiga gyaɗa, da murya garau, sannan ta tuna ta koma ta dafe ƙirji. Amma Baba da bai taɓa ganin haka ba, ga kuma ba koko ba ɗumame, gaba ɗaya ya rikice. Iya ta dafa wani sassaƙe mai ɗacin tsiya, Inna ta rufe ido ta shanye, ta ce ba sauƙi. Aka kawo rubutu daga wurin malamin unguwa ta sha, ta ce Allah ya saka, amma ita jikinta na gaya mata sai asibiti. Baba ya ce to a tafi, ƙanwata ta raka ta. Inna ta ce in an ɗauke yarinyar wa zai yi girki, ga masu cirar gyaɗa za a kai wa abinci gona. Ta juya fuska bango ta ce, ai akwai wasu da ke zaune ba abin da suke tsinanawa, su sa mayafi. Iya ta ce ina aka taɓa ganin mai tsohon ciki ta yi rakiyar mara lafiya. Inna, cikin nishi, ta tuna mata ai ita da bakinta take cewa zirga-zirga ke sa haihuwa ta zo da sauƙi. Dole Iya ta ce to, in sa mayafin.

A ƙaramar bas muka tafi, irin mai cika da buhuna da kaji. Ni sakarya har lokacin ban gane ba, tsorona ya ma zama biyu, ga nawa ga na Inna. Sai dai na lura mara lafiyar ce ta ture wani mai buhun masara ta samo mini wurin taga, ita ta tokare buhun da kafaɗarta har muka isa kada ya danne ni. In motar ta faɗa rami hannunta ne ke riga nawa kai wa cikina, sai ta janye da sauri ta yi kamar gyara zani take. Akwai wata 'yar ƙauyenmu a kujerar gaba, duk sanda ta waiwayo sai Inna ta langaɓe ta saki nishi.

Mun tarar da asibitin cike da mata, ashe ranar awo ce, duk inda kika duba ciki ne a kan benci. Da layi ya zo kanmu muka shiga wurin wata nas, doguwa mai farin gilashi, da alama tun safe ba ta huta ba. Ta tambayi wace ce mara lafiya. Inna ta ce ita ce, don ƙofa a buɗe take, mata na leƙe. Nas ta ce to 'yar rakiya ta jira a waje. Haka aka kore ni, na fita na zauna a dakalin da ke ƙarƙashin tagar ɗakin, ina jin komai.

Inna ta fara lissafi. Ƙirji kamar garwashi. Ruwa mai tsami har maƙogwaro. Amai safe da yamma, da jini a ciki, da fari zare-zare, yanzu ya fara yawa. Ba ta iya kwanciya sai ta jingina da bango. Tuwo in an ba ta, rabi take ci ta faki ido ta zuba wa akuya sauran. Jiri ya ɗebe ta a bakin rijiya har sai da ta riƙe turke. Ina zaune mamaki ya kama ni, don maganar akuya da ta rijiya ba wanda na gaya wa, na ɗauka ba mai gani na. Nas ta tambaya ko tana shan wani magani, Inna ta ce ana ba ta ungurnu da ƙwayar ciwon gwiwa kafin ta karya. Aka ce tun yaushe. Ta ce tun da ya shiga wata bakwai.

"Me ya shiga wata bakwai?"

Sannan Inna ta ce, ƙasa-ƙasa, yanzu ma yana cikin na takwas.

"Inna, tashi tsaye in gan ki." Na ji ƙarar kujera. Inna kuwa siririya ce kamar karan dawa. "To, baiwar Allah, ina kika ajiye cikin?"

"Yana waje," in ji Inna. "Ke kika kore shi."

Ban ji abin da ya biyo baya ba, don a daidai nan zuciyata ta tashi. Na lallaɓa na zagaya bayan ginin, gindin wani darbejiya, don kada in yi a gaban mutane. Wannan karon ba zare ba ne. Da na ga abin da ya fito sai ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, kunnena ya hau ƙugi, na zame na zauna a ƙasa na jingina da bishiyar. Daga can nesa, kamar daga cikin rijiya, na jiyo muryar Inna a bakin baranda tana cewa "Ke!" Daga baya aka ba ni labari duk matan da ke benci sai da suka waiwayo. Ta ce wasu su zo ana kira. Mata suka kalli juna. Nas ta ce da ita wai yarinyar ba ta da suna ne. Ina ji, ina so in amsa, bakina ya ƙi.

Sai na ji an kira sunana. Sunana na yanka, wanda aka raɗa mini. Da farko ban gane muryar ba, don ban taɓa jin yadda yake fita daga wannan bakin ba. Ashe wani ja take yi masa a ƙarshe, ba kamar yadda kowa ke faɗa ba. Abin haushi, sunan nawa irin wanda kowane gida akwai shi ne, sai ga mata har sun fara amsawa daga benci, wata ma ta miƙe da katinta. Sai Inna ta ɗaga murya, a tsakiyar asibiti, gaban maza da mata, ta sake kira ta haɗa da sunan Baba, wanda shi ma tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa furtawa ba. Ban san inda na samo ƙarfi ba, na ce na'am. Ta zagayo da gudu, mayafi ya faɗi ba ta waiwaye shi ba, ta tallafe kaina ta goge mini baki da bakin zaninta.

Kwantar da ni suka yi, aka sa mini ƙarin ruwa, aka yi allurai, likita ya zo ya duba, aka saurari bugun jaririn aka ce yana nan lafiya. Nas ɗin ta zauna ta yi mana bayani, tana yi tana hararar Inna tana danne dariya. Ta ce shi ƙwannafi yawancin masu tsohon ciki suna yi, ɗan ne ke girma yana danno tumbi sama, ba ruwan gashi. Amma jini a amai ba a zama da shi a gida ko ɗigo ne. Nawa, kakarin aman ne ya yi wa hanyar abinci rauni, ƙwayoyin Iya kuma suna ta kankare mini ciki. Ta ce a daina su, a daina jibga mini kanwa, in riƙa ci kaɗan-kaɗan, in rage yaji da maiƙo, kada in ci in kwanta nan take. Ta ce da an ƙara kwanaki da labarin ya bambanta. Inna ta saurara tana kallon bango, ta ce to, wasu dai sun ji.

Saƙon da ya isa gida shi ne an ba Inna gado. Da yamma sai ga Baba da kwanon fura. Ya shigo ya tarar da ni kwance da robar ruwa a hannu, matarsa kuma zaune a tabarma a ƙasa tana yi mini fifita. Ya tsaya. Ya kalli robar, ya kalli silin, sannan ya juya wajen Inna ya ce, "Ya jikin naki?" Inna ta ce da sauƙi, aman ya tsaya, jinin ma sun ce zai tsaya. Ya ce ta dai riƙa cin abinci. Ta ce tana ƙoƙari, ɗazu ma ta sha kunu rabin kofi. Ya ce madalla, ya ajiye furar daidai inda hannuna zai kai, ya fita yana share ido da hannun riga wai ƙura ce ta faɗa masa. Haka 'yan dubiya suka riƙa zuwa suna yi wa Inna sannu, tana amsawa, ni ina kwance ana tsallake ni.

Iya sai da aka kwana ta zo, an ɗauko ta a babur tana salati tun daga gida. Ta tsaya a kaina ta ƙare mini kallo. Sannan ta kwance bakin zaninta, ta juye sauran ƙwayoyin nan a kwandon shara, ta zauna a gefen gadon ta kama ƙafata tana matsawa.

"Ikon Allah," ta ce. "Ciwo ya kama uwa ya kayar da 'ya. Raguwa, ke ko jinyar ma sai an yi miki aro."

Ta juya ta kalli Inna, Inna ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa. Sai Iya ta ce Allah ya yi mata albarka, amma sauran sassaƙen nan yana nan a tukunya, tunda ita ce mara lafiya sai ta shanye shi in an koma. Kuma sai da ta shanye.

Na haihu lafiya da lokaci ya yi, a asibitin nan, Iya da kanta ta ce a kai ni. Mace ce kamar yadda ta faɗa. Gashi kuwa ko ɗaya, kai fes kamar bayan ƙwarya, har wanzami ranar suna ya juya ta ya sake juyawa yana neman abin da zai aske. Gwaggona mai alkawarin kitso sai da ta jira yarinyar ta fara tafiya. Iya ba ta taɓa yarda ta yi kuskure ba, cewa ta yi allurar asibiti ce ta zubar da shi tun a ciki. Inna kuwa, daga ranar da muka dawo gida na koma wasu. Ta rayu ta ga jikoki da yawa, na yi jinyar ta ta gaskiya a ƙarshe, amma ba ta sake faɗin sunan nan ba har ta koma ga Allah. Ni ma ban taɓa tayar mata da maganar ba. Sai dai har yau in na zauna a kan turminta, in gida ya yi shiru, ina iya jiyo yadda ta ja ƙarshensa.

Da na gama tsince shinkafar na ɗauki wayar na kira Tudun Wada. Na yi kewaye-kewayena, na tambayi ruwa, na tambayi masara, sannan na ce ko ana amai. Ta ce wani lokaci. Na ce ko ana ganin wani abu ja a ciki, ko kamar zare ne. Ta ce a'a, kuma an riga an gaya musu a wurin awo in sun gani su taho nan take, an ma ba ta wani farin magani na ruwa. Na ce ko ana shan ƙwayar da ba asibiti suka bayar ba. Ta ce Umma, sai ka ce wata yarinya. Na ce to alhamdu lillahi, wasu dai su rage yaji, kuma kada su ci su kwanta.

Ta fashe da dariya, har ina jin tana maimaita wa mijinta. Ta ce, "Umma, don Allah yaushe za ki kira sunana? Duniya fa ta ci gaba, kowa yanzu kira yake."

Na ce kuɗin wayata sun kusa ƙarewa, na kashe. Sunan nata yana nan, ban manta shi ba, kullum sai na faɗe shi a zuci bayan salla. Ajiye shi na yi inda Inna ta ajiye nawa. Allah ya sauke ta lafiya, ya sa har in koma gare shi ban buƙace shi ba.